Daƙiƙa 13 da Kwabo Guda: Gardamar Adalci a Ƙwallon Amurkawa

Daren Lahadi, 23 ga watan Janairun 2022, a filin wasa na Arrowhead da ke birnin Kansas City na ƙasar Amurka, saura daƙiƙa 13 a tashi, wato ko rubu'in minti bai cika ba, ƙungiyar Buffalo Bills ta shige gaban masu masaukinta, Kansas City Chiefs, da maki 36 da 33. Mutanen Buffalo, waɗanda suka taɓa zuwa wasan ƙarshe sau huɗu a jere daga 1991 zuwa 1994 suna komawa gida hannu rabbana, suka fara rungumar juna. Ba a jima ba aka fitar da su daga gasar da maki 42 da 36. Abin da ya fi yi musu ciwo kuwa shi ne, a cikin ƙarin lokacin da aka yi don raba gardama, gwarzonsu Josh Allen ko taɓa ƙwallon bai yi ba. Yana zaune a gefen fili yana kallo har aka tashi, domin kwabon da aka wurga sama bai faɗi ta wajensa ba.

Tun daga wannan dare magoya baya suka rabu gida biyu. Wasu suka ce dokar wasa ce ta zalunci Buffalo, wasu suka ce a'a, dabararsu ce ta ci amanarsu. Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu wannan batu, ko da yake wasan baƙo ne a wurinmu, saboda tambayar da ke cikinsa tsohuwa ce a kowane gida da kowace kasuwa: idan mutum biyu suka yi kunnen doki, ta yaya za a raba su ba tare da an tauye ɗaya ba?

Yadda wasan yake

Kafin mu shiga gardamar sai mu san a kan me ake yin ta. Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ya bambanta da wanda yaranmu ke bugawa a unguwa. Ƙwallonsu mai siffar ƙwai ne, yawanci da hannu ake ɗaukarsa ko a jefa shi, kuma an yarda a kama mai ɗauke da shi a kayar. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, kimanin mita 91, a kowane ƙarshe kuma akwai wani yanki da za mu kira gida. Ana yin minti 60, an kasa shi kashi huɗu.

Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da yunƙuri huɗu ya ci yadi 10. In ya ci, sai a sake ba shi wasu huɗu. In ya gaza, ƙwallo ya koma hannun abokin hamayya a daidai inda aka tsaya, shi ya sa sau da yawa a yunƙuri na huɗu ƙungiya takan gwammace ta buga ƙwallon ya yi nisa, ta sallama shi can baya. Wanda ya kai ƙwallo gidan abokin hamayya ya ci maki 6, sannan a ba shi zaɓi: ko ya buga da ƙafa ya ƙara maki 1, wanda da wuya ake kuskurewa, ko ya sake yunƙurin shiga gida daga kusa ya ƙara maki 2, wanda ake samu kamar sau ɗaya cikin biyu. Wanda ya kasa shiga gida amma ya matso kusa, yana iya buga ƙwallo ya wuce tsakanin dogayen ƙarafa biyu ya ci maki 3. Mutumin da ke jagorantar hari, shi ke karɓar ƙwallo ya miƙa ko ya jefa, shi za mu kira madugu, don kuwa duk ayarin shi yake duba.

Babbar gasarsu, NFL, tana da ƙungiyoyi 32. Kowace takan buga wasa 17 a kaka, sannan 14 su shiga zagayen sili ɗaya ƙwale a watan Janairu, biyun da suka rage su haɗu a wasan ƙarshe mai suna Super Bowl a watan Fabrairu. A wannan zagaye babu canjaras, babu kuma ramuwa a gida. Wanda ya faɗi sai baɗi. Abin lura a nan shi ne, a irin wannan wasa riƙe ƙwallo bi da bi ne, kusan kamar dara: ka yi naka, in yi nawa. Saboda haka wanda aka fara ba wa ƙwallo a ƙarin lokaci ya samu abin da ɗan'uwansa bai samu ba.

Tarihin wata doka

Tsohuwar doka mai sauƙi ce: a wurga kwabo, wanda ya dace ya zaɓi ƙwallo, duk wanda ya fara cin maki kowane iri ya yi nasara nan take. An fara ganin aikinta a wasan ƙarshe na 28 ga Disamban 1958 a birnin New York, inda Baltimore Colts ta doke New York Giants da 23 da 17. A ranar Giants ce kwabo ya ba wa ƙwallo, amma ta kasa yin komai da shi, don haka babu wanda ya ga aibin dokar. A 1974 aka shigar da ita cikin wasannin kaka ma.

Masu karatu da ke bin ƙwallon ƙafa irin namu za su tuna da makamanciyarta, wato ƙwallon zinariya. Da ita Henri Camara ya fitar da Suwidin a gasar cin kofin duniya ta 2002, da ita kuma Turkiyya ta fitar da Sanagal ɗin a wasa na gaba, sannan aka soke ta a 2004. Bambancin shi ne, a ƙwallonmu kowa yana iya ƙwace ƙwallo a kowane lokaci, a nasu kuwa ɓangare guda yana iya riƙe shi minti bakwai ɗayan yana kallo.

Da shekaru suka tura, masu bugun ƙarafa suka ƙware, suna ci daga nesa. Sai ya zama wanda kwabo ya ba wa ƙwallo ba ya bukatar wahalar shiga gida, ya matsa kaɗan kawai ya buga, a tashi. Haka ta faru ranar 24 ga Janairun 2010, lokacin da New Orleans Saints ta fitar da Minnesota Vikings da 31 da 28, tsohon madugu Brett Favre yana tsaye a gefe. A watan Maris na shekarar masu ƙungiyoyi suka yi gyara na farko: bugun maki 3 a riƙon farko ba ya ƙare wasa, sai an ba wa ɗayan nasa riƙon, amma shiga gida yana ƙarewa. Dokarsu ita ce ba a canza ƙa'ida sai da amincewar 24 daga cikin 32. An samu 28, huɗu suka ƙi. Abin mamaki, cikin waɗanda suka ƙi akwai Minnesota da abin ya shafa, akwai kuma Buffalo, wadda ba ta san abin da ke jiran ta ba.

Gyaran ya rage ciwo amma bai warkar ba. Ranar 5 ga Fabrairun 2017, New England Patriots ta farfaɗo daga 28 da 3, ta yi kunnen doki da Atlanta Falcons, ta ci kwabo, ta shiga gida, ta ɗauki kofi da 34 da 28. Ranar 20 ga Janairun 2019 kuma Tom Brady ya sake yin haka a gidan Kansas City, aka tashi 37 da 31, matashin madugunsu Patrick Mahomes bai taɓa ƙwallo ba. Kansas City ta kai ƙorafi, ta nemi a ba wa kowane ɓangare riƙo ɗaya, amma sauran masu ƙungiyoyi ba su mara mata baya ba. Gemun maƙwabci ne ya kama wuta, ba wanda ya shafa wa nasa ruwa. Bayan shekara uku, dokar da Kansas City ta yi kuka da ita ce ta ba ta nasara a kan Buffalo.

Hujjar kowane ɓangare

Masu kare tsohuwar doka ba wawaye ba ne, kuma ya kamata mu saurare su. Suna cewa ƙungiya hari ce da tsaro, kuma ana biyan masu tsaro albashi kamar kowa. In kwabo bai ba ka ƙwallo ba, ai ya ba ka damar ka tsayar da abokin hamayya, in ka kasa laifinka ne. Suna ƙara da cewa an riga an ba ku minti 60 cif ku raba gardama kun kasa. Hujjarsu ta uku ita ce lafiyar ƴan wasa: wasan karo ne da kayarwa, duk mintin da aka ƙara wa gajiyayyen jiki ƙarin haɗari ne na karaya ko bugun kai.

Game da daren Buffalo kuwa, suna da tambayoyi masu nauyi. Bayan Gabriel Davis ya shiga gida karo na huɗu a daren, saura daƙiƙa 13, Buffalo ta buga ƙwallo har can cikin gidan Kansas City. A ƙa'ida, irin wannan bugu ba ya cin lokaci ko kaɗan. Da sun yi gajeren bugu mai birgima a ƙasa, da an tilasta wa abokan hamayya su ɗauka su gudu, agogo ya ci wasu daƙiƙoƙi. Sannan masu tsaron Buffalo suka ja baya ƙwarai don tsoron doguwar jifa, suka bar tsakiyar fili a buɗe. Mahomes ya jefa wa Tyreek Hill aka ci yadi 19, ya jefa wa Travis Kelce aka ci yadi 25, suna tsayar da agogo bayan kowace jifa, Harrison Butker ya buga daga yadi 49 aka yi kunnen doki. Masu wannan ra'ayi suka ce, wanda ya kasa tsare gida na daƙiƙa 13 bai kamata ya kama kwabo da kokawa ba. Mako guda bayan haka sai ga wata hujja ta zo musu har gida: Kansas City ta sake cin kwabo a wasanta da Cincinnati Bengals, amma masu tsaron Cincinnati suka cafke jifar Mahomes, suka ci wasan da 27 da 24.

Masu neman canji kuma suka kawo lissafi. Daga gyaran 2010 zuwa ƙarshen Janairun 2022, wasa 12 na zagayen sili ɗaya ƙwale ne suka kai ƙarin lokaci. Wanda ya ci kwabo ya ci 10 daga ciki, bakwai kuma a riƙon farko aka gama, ɗaya ɓangaren bai taɓa ƙwallo ba. Suka ce dalili a fili yake: ƙungiyoyin da ke kaiwa wannan mataki su ne masu manyan madugai, dokokin zamani kuma sun fi taimakon hari, ga masu tsaro sun gaji bayan awa uku. A minti biyun ƙarshe na wasan Buffalo an ci maki 25, babu ɓangaren da ya iya tsayar da ɗan'uwansa. Da kwabo ya faɗi ta baya kamar yadda Allen ya zaɓa, mai yiwuwa Mahomes ne zai zauna yana kallo. In kuwa haka ne, in ji su, ba a gwada ƙungiyoyin biyu da mudu ɗaya ba: an gwada harin ɗaya da tsaron ɗaya, aka bar sauran rabin a aljihu.

Mu a namu ganin, kowane ɓangare ya riƙe gaskiya guda, kuma gaskiyar ɗaya ba ta kore ta ɗayan ba. Buffalo ta yi sakaci a daƙiƙa 13, dokar kuma ta karkata. Sakacin wanda aka tauye ba ya mayar da tauyewa adalci. A watan Maris na 2022, bisa shawarar Indianapolis Colts da Philadelphia Eagles, masu ƙungiyoyi suka amince, 29 da 3, cewa a zagayen sili ɗaya ƙwale kowane ɓangare zai samu riƙo ɗaya, ko da na farko ya shiga gida. In aka sake yin kunnen doki bayan haka, wanda ya fara ci ya yi nasara. A 2025 aka shimfiɗa ƙa'idar zuwa wasannin kaka, sai dai a can ƙarin lokacin minti 10 ne kawai, kuma ana iya tashi canjaras.

Akwai wata shawara da Baltimore Ravens ta kawo a 2021 wadda ba ta samu karɓuwa ba, amma duk uwar da ta taɓa raba wa yara biyu tsoka ɗaya za ta gane hikimarta. Ɓangare ɗaya ya zaɓi wurin da za a ajiye ƙwallo, ɗayan ya zaɓi ko zai kai hari ko zai yi tsaro. Mai yanka ba shi ke fara zaɓa ba, don haka dole ya yanka daidai.

Sabuwar doka, sabuwar gardama

Wanda ya zaci gardama ta mutu da wannan gyara bai san ƴan kallo ba. Ranar 11 ga Fabrairun 2024, a birnin Las Vegas, San Francisco 49ers da Kansas City suka cika minti 60 na Super Bowl suna 19 da 19, mutum fiye da miliyan 120 suna kallo a Amurka. San Francisco ta ci kwabo, mai horar da ita Kyle Shanahan ya zaɓi ya fara riƙe ƙwallo. Suka yi tafiyar fiye da minti bakwai, suka tsaya a yadi 9 daga gida, suka buga maki 3. Kansas City ta karɓa, ta tafi yadi 75, Mecole Hardman ya cafe jifa a cikin gida, aka tashi 25 da 22.

Washegari tambaya ɗaya ce a bakin kowa: me ya sa ya zaɓi ya fara? Shanahan ya ce riƙo na uku yake hange. In kowa ya yi nasa aka yi daidai, ƙwallo zai dawo wurin wanda ya fara, a lokacin kuma kowane maki yana ƙare wasa. Lissafi ne mai ma'ana. Masu sukarsa suka ce ya manta na gaba idon na baya ne. Wanda ya zo na biyu ya san abin da ake bin sa, ya san ko maki 3 sun ishe shi ko sai ya shiga gida, kuma ba zai taɓa sallama ƙwallo a yunƙuri na huɗu ba, don ya san in ya sallama an tashi. Haka kuwa aka yi: a yadi na 34 na ɓangarensu, saura yadi 1 a yunƙuri na huɗu, wurin da mai farawa zai yi ta jinjina kafin ya yi kasada, Mahomes ya ruga da ƙwallo da kansa ya ci yadi 8. Ƴan Kansas City sun kuma bayyana cewa da San Francisco ta shiga gida ta ci maki 7, su ma in sun shiga za su nemi ƙarin maki 2 ne, a ci ko a faɗi a nan, riƙo na ukun da Shanahan ke jira ba zai zo ba.

Abin da ya ƙara rura wutar shi ne, wasu ƴan wasan San Francisco, irin su Kyle Juszczyk da Arik Armstead, sun amsa cewa ba su san sabuwar dokar ba. Armstead ya ce a babban allon filin wasa ya karanta ta. Ƴan Kansas City kuwa sun ce tun a sansanin shiri na farkon kaka ake maimaita musu ita. Doka ɗaya ce ga kowa, an rubuta ta kusan shekara biyu kafin ranar, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ihu bayan hari

Akwai wani wasa da har yau in aka ambace shi a Amurka sai murya ta tashi, kuma yana koya mana yadda za mu auna irin wannan gardama. Ranar 1 ga Fabrairun 2015, Seattle Seahawks tana bayan New England da 28 da 24, saura daƙiƙa 26, ƙwallo yana yadi 1 daga gida. Tana da Marshawn Lynch, ƙaƙƙarfan mai kutse da da wuya mutum ɗaya ya kayar da shi. Maimakon a miƙa masa, madugu Russell Wilson ya jefa, wani sabon ɗan wasa mai suna Malcolm Butler ya yi wuf ya cafke. Kofi ya tafi New England.

Jama'a suka yi ca a kan mai horarwa Pete Carroll. Amma masu bin lissafi suka nuna cewa yana da yunƙuri uku a gaba da damar tsayar da agogo sau ɗaya tak. Kutse in ya gaza agogo yana ci gaba da tafiya, jifa in ta faɗi ƙasa agogo yana tsayawa. In yana son ya yi amfani da duka ukun, sai ɗaya ta zama jifa. New England kuma ta cika gaba da manyan mutane tana jiran Lynch. Da an cafe jifar a cikin gida, da waɗanda suka zage shi su ne za su kira shi gwani.

Wannan shi ne raunin yawancin gardamar ƴan kallo, a can da ma ko'ina: mukan auna shawara da abin da ya biyo bayanta, alhali mai shawarar bai ga bayan ba lokacin da yake yanke ta. Adalci shi ne a tambayi abin da mutum ya sani a lokacin, da abin da ya kamata ya sani. A wannan ma'auni Carroll yana da uzuri, Shanahan yana da rabin uzuri, ɗan wasan da ya shiga fili bai san doka ba kuwa ba shi da ko kaɗan.

Mu koma Buffalo mu rufe. Kwanaki kaɗan bayan wancan dare, magoya bayan Kansas City, waɗanda suka ɗanɗani irin wannan ɗaci a 2019, suka fara aika gudummawar dalar Amurka 13 kowanne, adadin daƙiƙoƙin nan, zuwa asibitin yara na Oishei da ke birnin Buffalo, wanda Josh Allen ya daɗe yana tallafa wa. Kafin mako ya ƙare an tara fiye da dala 300,000. Shi kuwa Allen, da ƴan jarida suka tambaye shi game da dokar a daren da aka fitar da shi, bai yi ƙorafi ba. Ya ce doka doka ce, kuma da su ta ba wa nasara da suna can suna murna. Bayan wata biyu aka canza ta.